Takalmi Mai Bakin Ƙarfe

Layin bincike a filin jirgin sama na matsawa gaba, Biri na ja da baya. Ya bar wata mai goyo ta wuce, ya bar wani tsoho mai sanda, har Injiniya, shugaban rukuninsu, ya waiwayo ya harare shi.

"Kai da ke hawa turke kamar ana kiranka daga sama, jirgi ne zai ba ka tsoro? Matso mana!"

"Ga ni nan, yallaɓai."

Ba jirgin ne ya dame shi ba. Tun daga nesa ya lura masu silifa wucewa suke yi abinsu, amma duk mai takalmin but sai jami'ar tsaro ta nuna masa ƙafa, ya tuɓe ya sa a faranti. Nasa kuwa na aiki ne, mai ƙarfe a baki.

Abokan aiki ne suka laƙa masa Biri, don duk kamfanin ba mai hawa turken sadarwa kamarsa. Abin da ba su sani ba, ƙafarsa ta hagu rabi ce. Bara yana hutu janareto ya suɓuce wa masu ɗauka ya faɗo masa, likita ya yanke daga yatsu zuwa tsakiyar tafin. A ofis ya ce targaɗe ne. Wani mai gyaran takalmi ya sassaƙa masa katako, ya naɗe da roba, ya kafe shi da kusoshi a cikin but ɗin ta gaba. Da wannan yake hawa, da shi yake ciyar da yara da tsohuwarsa. Dokar kamfani kuwa ba ta da kwana: mai nakasa a ƙafa ba ya hawa.

"Malam, takalminka," in ji jami'ar.

"Ranki ya daɗe, a duba ni a haka mana. Ƙafar tawa wari take, zan kore muku jama'a."

Na bayansa suka yi dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Mun shaƙi wanda ya fi naka. Cire."

Ya zauna a benci. Ya kwance na dama, ya yi ta wasa da igiyar na hagu. Injiniya ya riga ya tsallake, yana can yana ɗaura bel, idonsa a kansa. Da but ɗin ya fita, sai bakin safar ya langaɓe, ba komai a ciki. Biri ya yi maza ya take ta da ƙafar dama.

Faranti ya shige na'ura. Sai na'urar ta tsaya.

"Na wane ne wannan?" in ji mai kallon allon. "Akwai abu cushe a na hagu. Ga kusoshi ma."

Hira ta ɗauke a layi. Wani jami'i ya kai hannu ga rediyon kafaɗarsa, na kusa da Biri suka ja jiki.

"Taso, malam," in ji jami'in. "Mene ne a ciki? Ka faɗa mana ko mu farke shi."

Ya miƙe. Taku ɗaya ya yi, safar ta ja ƙasa. Jami'ar ta gani, ta sassauta murya.

"Akwai ɗaki a gefe, baba. Mu je can."

Ina, an makara. Injiniya ya riga ya iso yana ɗaga hannu.

"Ma'aikacina ne, ni na san shi. Mene ne a ciki, Biri? Gaya musu!"

 Biri ya dubi but ɗin a hannun jami'i.

"Ƙafata ce, yallaɓai."

Jami'in ya zura hannu ya laluba, ya sake bi da shi ta na'ura, ya miƙo ba tare da ya ɗago ido ba. Layi ya ci gaba da tafiya.

Injiniya ya daɗe yana kallon safar.

"Ranar iskar nan da na tura ka sama, da wannan ka hau?"

"Da shi."

"Da ka faɗo fa? Me zan gaya wa iyalinka?"

Biri ya jawo but ɗin. Injiniya ya riƙe masa kafaɗa har ya zura ƙafar, sannan ya ciro waya ya koma gefe. Bai yi nisan da ba za a ji shi ba. Cewa yake a turo masa wani mai hawa a jirgin gobe.

Biri ya durƙusa ya ja igiyar, ya ɗaure ta tamau, ƙulli kan ƙulli, irin ɗaurin hawa. Sai da ya gama ya tuna ba sauran turken da zai hau.