Tukunyar Kulu

A Birni ana cewa daɗin daddawar batso ta gidan marigayiya Kulu daga tukunya yake. Wai daga madafin fada ta fito tun zamanin ayari, wata kuyanga ta ba kakar Kulu. Ni dai na koyar a lekwal, wato makarantar boko, har na yi furfura, ban taɓa jin yumɓu ya iya girki ba.

Bayan rasuwar Kulu tukunyar ta fashe a hannun 'yarta Lubabatu, daddawar kuwa ta lalace da gaske. Na saya na sa a miyar kuka, babu ƙamshi, sai wani ɗaci-ɗaci. Masu saye suka janye. Da na leƙa gidan, na tarar Lubabatu na shirin barin sana'ar da take ciyar da marayunta da ita.

"Gwaggo, albarkar ta bi tukunya," in ji ta.

"Albarka ba ta tsiyaya, 'yar nan. Ba ni kaskon."

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Mirriya, na nuna wa Aliya, tsohuwar maginiya. Ta juya shi, ta shafa zanen bakinsa, ta kwashe da dariya.

"Fada? Hajiya, wannan ai hannuna ne! Kulu ta saya a nan, har ta ce mini ɓarauniya wajen ciniki. In ta fasa wata sai ta dawo."

Na sayi sabbi biyu na koma. Na sa Lubabatu ta yi aikin a gabana, ni ina kan tabarma da carbina. Ta wanke gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, ta ɗora a kan gawayi, ta ɗauko kanwa za ta jefa.

"Tsaya. Uwarki da gawayi take dafawa?"

"A'a, da karan hatsi. Kawu Mutari ke kawo mata daga gonarsa ta Garagumsa. Ni hayaƙin ne ke cin idona, da ta rasu na ce ya bari."

"Kanwar fa?"

"Inna ba ta saye. Tokar murhu take tacewa ta zuba ruwan. Ai talauci ne, Gwaggo."

"Talauci? Matar da ta je Makka?"

Na aika wa Mutari. Ya zo da dami a amalanke yana mita, wai tsofaffin malaman lekwal ba sa barin kowa ya huta. Muka dafa tukunya ɗaya da kanwa, ɗaya da ruwan tokar kara. Aka kirɓa, aka rufe, muka bar su suka kwana yadda aka saba har wari ya tashi.

Da suka yi, Lubabatu ta kaɗa miya biyu. Na kira Inusa mai tuwo-tuwo na bakin kasuwa, wanda ya fi kowa yaɗa zancen fada, ban gaya masa komai ba. Ya ɗanɗana ta farko ya yamutsa fuska. Ya lashi ta biyu, ya sake lasa.

"Allah ya jiƙan Kulu! An ɗinke tukunyar ne? A ajiye mini kwano guda, Lubabatu."

Tukunyar ta Mirriya ce, Aliya ta gina ta. Daɗin daddawar daga tokar karan hatsin Garagumsa yake.