Hatimin Baffa Moncef

Wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a Finland ya ɗauki mijina Lotfi aikin walda. Takardu duk sun haɗu, saura guda: shaidar cewa ya shekara tara yana wannan sana'a. In babu ita babu izinin aiki, balle biza.

Mutum ɗaya ne a duk garin Sfax zai iya rubuta ta, Baffa Moncef, wanda ya koya masa walda a tashar jiragen kamun kifi. Shekararsu huɗu ba sa magana, tun ranar da suka yi cacar baki Lotfi ya bar shagonsa ko sallama babu.

"Ni ba zan je ba, Najet," in ji Lotfi. "Korata zai yi."

"To zauna ka ci gaba da gyaran ƙofofin maƙwabta," na ce. "Tashi mu je, malam."

Muka tarar da tsohon a tsakar gida, kumburarriyar ƙafarsa a kan matashi. Ya daɗe da rufe shagon.

"A'a! Yau manyan injiniyoyi ne a gidanmu? 'Yata, ke shigo. Wannan na bayanki ban san shi ba."

Lotfi ya durƙusa ya sumbaci goshinsa, ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Finland? Kai da ke karkarwa in an kunna fanka?"

Sai tsohon ya ƙwala wa matarsa kira ta ɗauko hatimin shagon a cikin gwangwanin biskit. Yana faɗa ina rubutawa. Ya lissafo jiragen da Lotfi ya gyara ɗaya bayan ɗaya, har da shekarunsu.

"Rubuta: ban taɓa jin waldarsa ta buɗe a teku ba."

Lotfi ya sunkuyar da kai yana share ido.

"Kada ka yi min kuka. Hannunka na yaba, ban ce kana da hankali ba."

Muka kai takardar aka fassara, Lotfi ya je Tunis aka ɗauki hoton yatsunsa. Bayan mako goma sha ɗaya izini ya fito.

Yanzu yana garin Turku a Finland, mu da 'yarmu ana kan duba namu takardun. Kowace Juma'a nakan kai wa Baffa Moncef kuskus da kifi. Sai ya ce yaji bai ji ba, sannan ya cinye tas.