An Shuka Ni a Gangaren Tsauni

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya dire a kan tsaunin bayan garinmu, can Mambila, inda Baba yake kai shanu muna yara. Da duwatsun kawai na gane wurin. Ciyawar nan da take shanye mutum har wuya babu ita, sai jar ƙasa tsirara, zaizaya ta yakushe ta ko'ina. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Ɗigo-ɗigo yake fitowa daga tsagar ƙasa ya haura sama, ya bar wurin ya fi da bushewa.

Wani bunsuru na zaune a kujerar roba, da hula a tsakanin ƙahonninsa. Shi ne mai kula da tsaunin.

"Sallau, ka makara," in ji shi. "An gama rabon gindin dutse. Sai gangare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni wucewa zan yi."

"Kowa haka yake cewa. Cire takalmi."

Na cire. Yatsun ƙafata suka nutse cikin ƙasa, suka miƙe, suka shiga laluben danshi. Ban ji zafi ba. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda suka san hanya.

Sai ga ni a tsakiyar gangare, rana tsaka. An shuka mutanen garinmu a warwatse, wani nan, wani can, kowa ya ɗaga fuska sama. Kusa da ni Yaya Kuluwa ce, wadda ta raine ni bayan rasuwar Inna. Jikinta ya zama ciyawar gamba, doguwa, shar da ita, amma fuskarta tana nan, har da ɗankwalinta.

Ta ce, "Ka ci abinci?"

"Yaya, me ake ci a nan?"

"Rana. Sai ruwa, in ka tare shi kafin ya tashi."

Akwai ɗan danshi a ƙarƙashin wani dutse da ke tsakaninmu. Saiwata ta same shi, ta tarar da tata a wurin, ta ture ta, ta kama sha. Ina kallo bakin ganyen Yaya ya fara yin rawaya. Na yi ƙoƙarin janye ƙafata, amma saiwa ba ta jin magana.

"Yaya, ruwanki nake sha."

"Na sani, sha abinka. Ni ma inuwata tana kanka, yi haƙuri." Ta karkata gefe don rana ta same ni.

Wani abu ya soke ni a tafin ƙafa, daga ƙasa.

"Salamu alaikum, maƙwabci."

Ciyawar tofa ce. Ba ta da fuska. Murya ɗaya ce take fitowa ta bakuna da yawa, tun daga nan har ƙasan gangare, ganyayenta a tsaye kamar wuƙaƙe.

Na ce, "Ina Malam Jibo mai shayi? Yanzun nan na gan shi a wurin da kike."

"Yana ƙarƙashina. Bai yi gardama ba." Ta ƙara matsowa. "Ni ta ƙasa nake tafiya. Wuta ta bi nan bara, ta cinye kowa, ni na yi kwanciyata har ta wuce. Bari in ba ka shawara, tunda kai baƙo ne. Mai tsawo ake fara gani, mai daɗi ake fara ci."

"Wa zai ci?"



Shanu ne suka gangaro daga sama, ramammu, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, ba su da idanu, sai baki. Bunsurun yana gaba, yana lasar kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ɗaci, a wuce. Wannan ƙaya, a wuce. Wannan a ci."

Wanda aka ce a ci ba ya ihu. Sai dai ka ji ƙurus, ƙurus, ka ga wurin ya koma jar ƙasa, kafin ka ƙifta ido tofa ta leƙo a gurbinsa.

Tsoro ya kama ni har ɓargo. Na ji gefen hannuwana suna yin tauri, suna yin kaifi. Ban roƙa ba, ban kuma hana ba. Da bunsurun ya lashe ni, harshensa ya tsage. Ya tofar da jini, ya gyara hularsa.

"Madalla. A wuce."

Suka tsaya a kan Yaya Kuluwa.

Na ce, "Yaya, sunkuya! Yi ɗaci!"

"Ban iya ba, Sallau."

Na miƙa hannu in kare ta, hannun ya yanke ta a kumatu. Na janye da sauri, ya sake yankarta. Shanun suka sa baki. Suka ci ta daga sama, a hankali, ba gaggawa, har ya rage ɗan kututture a ƙasa. Daga cikinsa muryarta ta fito, a natse, kamar tana aikena shago.

"Kar ka damu. Muddin saiwata na nan, da damina zan tohu. Ka dai bar mini wurin."

Na leƙa ƙarƙashin ƙasa. Babu wurin. Saiwoyina, farare masu tsini, sun riga sun cika shi, sun nannaɗe nata, suna ci gaba da tafiya wajen na gaba.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa," in ji tofa.

Na buɗe baki in kira Yaya. Abin da ya fito sallama ce, kuma ta fito daga gangaren gaba ɗaya, na kasa gane wanne baki ne nawa. A bayana shanun suna ta ci, ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Na farka jiƙe da gumi. Gari ya waye. Hansatu, matata, tana tsakar gida tana kankare ƙanzon tuwo a tukunya da cokali, ƙurus, ƙurus.

Ta ɗago ta ce, "Ka tashi? In jiƙa maka ƙanzo?"

Na ce mata a'a.