Inbata a Ƙarƙashin Kujera

Malam Jaji ya yi shekara arba'in yana tuƙi tsakanin Birnin Gwari da Kaduna. Ba ya son a koya masa mota.

Da ciwon ƙirjin matarsa Furera ya tsananta, likita ya ce sai Kaduna, kuma kada a raba ta da injin da ke ba ta iska. Injin kuwa wutar gida yake sha. Dole Jaji ya kai tsohuwar motarsa wurin Audi, mai gyaran wayar mota, ya sa masa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida.

Audi ya fara cire kan batir. Ya ja waya mai kauri, ya sa fis dab da batirin, ya kankare fenti ya ɗaure baƙar waya a jikin mota. Sannan ya kafe inbatar a ƙarƙashin kujerar direba.

"Baba, tana zafi. A bar mata iska, kada..."

"Ina jan mota ubanka yana yawo ba wando. Sauka."

Ranar tafiya aka tashi da ruwan sama, ƙasan motar kuwa duk huji ne. Jaji ya tsaya yana duban inbatar, sabuwa fil, ran matarsa a hannunta. A gidansa duk abu mai daraja rufe shi ake yi: rediyo da ƙyallensa, keken ɗinki da nasa. Ya ɗauko bargo ya naɗe ta tsaf don kada taɓo ya same ta.

Suka shiga ayarin motoci da rakiyar sojoji. Kowa ya san dokar dajin nan, ba a tsayawa.

Furera tana kwance a baya, kanta a cinyar 'yarsu Karima.

"Malam, a hankali. Ba buhun masara ka ɗauko ba."

"Buhun masara ba ya surutu."

Ta yi dariya, tari ya ƙwace dariyar.

A tsakiyar daji inbatar ta yi ɗan kuka, injin ya yi shiru.

"Baba, injin ya tsaya!"

Ya kai hannu ƙasa, ya ji bargon kamar an sauke shi daga murhu. Nan take ya gane. Ya fizge shi, ya danna makunni sau uku, inbatar ba ta tashi ba. Ba za ta tashi ba sai ta huce. Gaba mota, baya mota, hagu da dama daji. Ya sauke gilasai duka, ruwa yana dukan fuskarsa.

Karima tana yi wa uwar fifita da mayafi, tana kiran Inna, Inna. Can sai ta bar kiran, ta koma laƙƙana mata shahada.

Suna dab da Buruku koriyar fitilar inbatar ta kama, injin ya ci gaba da gurnani.

"Baba, kashe shi," in ji Karima. "Ta riga ta tafi."

Bai waiwaya ba. Ya sa sigina, ya faka a gefen titi, ya ja birkin hannu. Ya fita cikin ruwan, ya tambayi wani soja ƙarfe nawa ayarin komawa zai tashi.