Ƙusa Huɗu a Bayan Akurki

"Uku fa! Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kaza uku a mako guda!" Gwaggo ta karkaɗa dunƙulen gashin kaza a fuskar maƙwabciyarta. "Ga abin da karen mijinki ya rage min na wake-wakena, mai ƙwai kullum!"

Maman 'Yan Biyu, matar bakaniken da ke gidan kusa, ta goge kumfa a jikin zaninta, don daga kan wanki aka jawo ta. "Gwaggo, na faɗa miki karen nan ba ya fita. Ƙofarmu a kulle take wuni. Karnuka nawa ke yawo a layin nan, sai namu kika gani?"

"Na yawo ai na san maganinsu!"

Nan kam ba ta yi ƙarya ba. Tun da karnukan layi suka ɗanɗana 'yan tsakinta bara, ta sa waya a ƙasan ƙofa, ta jera fasassun kwalabe a kan katangar waje, ta toshe magudanar ruwa da bulo. Ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ratsa gidan. Amma jiya da hantsi, da idonta ta ga jan karen bakanike da kaza a baki, kafin ta rarumo sanda ya ɓace. Ba ta zauna ba sai da ta bi gida-gida tana shaida wa mata cewa da gangan ake sako mata shi, don baƙin ciki. Abu ɗaya take so yanzu, a raba layin da karen nan yau ɗin nan.

Duk wannan a kunnen kafintan da ta kira ya sa wa akurki sabuwar raga. Ya zare ƙusar da ke bakinsa ya ce, "Gwaggo, in ban ga ta inda yake shigowa ba, aikin banza nake yi. Bari in leƙa baya."

Sai a lokacin Gwaggo ta zabura. Tsakaninta da gidan bakanike ba katanga ba ce, shingen kwano ne, kuma akurkin ya kare wani lungu nasa.

"Babu komai a can sai tarkace!" in ji ta. "Dawo, ɗan nan, akwai kunama!"

Ina! Ya riga ya kutsa. Jim kaɗan suka ji muryarsa. "Ikon Allah. Ku zo ku gani."

Maman 'Yan Biyu ta yi gaba. Gwaggo ta bi ta kamar wadda ƙwai ya fashe wa a ciki.

Falle ɗaya na kwanon a ɗage yake daga ƙasa, an tokare shi da dutse, dutsen kuma ya goce. Ga jan gashin kare maƙale a bakin kwanon, ga sawunsa ɓaro-ɓaro. Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma ga kujera 'yar tsugunno an ɗora mata tsumma mai laushi, ga mafici a jingine, ga ƙasar wurin ta yi sumul don zama. A gefe kuma ga gwangwanin madara. Kafinta ya girgiza shi, ya juye a tafin hannu.

"Ƙusa huɗu, ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba," ya ce. "Shekarata ashirin a sana'ar nan, ban taɓa ganin karen da ke zare ƙusa ya adana a gwangwani ba."

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Gwaggo ta gwada. "Iska nake sha a nan! Laifi ne tsohuwa ta sha iska a gidanta?"

Maman 'Yan Biyu ta matsa kusa. Ta zauna a kan kujerar, ta ɗan ɗaga kwanon, ta kara kunne yadda mai wurin ke yi. Tagar ɗakin girkinta ce nan, taku biyu kacal. Har rediyon da ta bari a kunne ana ji tar.

Ta miƙe a hankali. "Ashe haka aka yi."

"'Yar nan, tsaya ki ji..."

"Ranar da muka yi faɗa da baban 'yan biyu ya kwashe kayansa ya koma gareji, kafin azahar duk layi sun sani, har da kalmar da na gaya masa. Mu uku ne manya a gidan, ni da shi da ƙanwata. Na ce ita ce. Tana kuka tana rantsuwa na haɗa mata jakarta. Wata biyu ke nan ko wayata ba ta ɗauka."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Gashin kazar na nan a hannunta, ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Kuma wa na zo na kai wa kukana? Ke. A kan tabarmarki. Kika dafa ni kika ce, 'Yi haƙuri, 'yan uwan zamani ba su da riƙon amana.'"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Gwaggo ta shige har da ɗankwalinta. Ta tuna gidajen da ta bi jiya, ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tuna cewa matar kafintan nan ita ce mai kitson layin. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

"Karen ya zauna," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Kajin ma na yafe."

"Kin yafe?" Maman 'Yan Biyu ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta juya wurin kafinta. "Malam, mayar da huɗun nan, ka ƙara goma. Ta ɓangarenmu za ka buga, inda hannu ba ya kaiwa."

Ta ratsa tsakar gida, sauran kajin suka watse suna kyarkyara. Ta fita ta bugo ƙofar da ƙarfi, har wayar da aka sa don karnuka ta ɓalle ta faɗi.