Katangar Gidan Ajiya

Gida na huɗu ke nan da Bobboyi dillali ya nuna mana, kuma Mama ba ta shiga ɗakin ko ɗaya ba. Da an buɗe ƙofa sai ta zarce can bayan gidan, ta jingina da katanga, ta miƙa hannu sama. In yatsunta ba su kai ba, shi ke nan, a tafi.

Na san dalili, amma wallahi na gaji. A Mubi, mahaifinmu Baba Absalom ya yi mana katanga doguwa, ya dasa fasassun kwalabe a kanta, yana alfahari ko ƙadangare sai ya nemi izini. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin a 2014, da rana tsaka, suna bakin ƙofarmu, ya shimfiɗa bargo a kan kwalaben ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ce ta ƙarshe da ta taka kafaɗarsa. Shi bai sami mai ɗaga shi ba.

Yanzu ina koyarwa a Jimeta, mijina ya rasu, ga yarana Joel da Tracy, babban bai cika bakwai ba. Abin da nake so a gida kowa ya sani: ruwa, kada ambaliya ta kai, da katangar da za ta hana 'yan Shila, 'yan daban garin nan, dirowa da wuƙa. Sau biyu suna ƙwace mini waya.

Gidan unguwar Adarawo kam ya shiga raina. Rijiyar burtsatse, bishiyar mangwaro, waya mai ƙaya zagaye da katanga.

"Dada, wannan ko soja bai haura shi," Bobboyi ya ce wa Mama, yana washe baki.

"Na gani," Mama ta ce, ta juya.

Bawan Allah bai san ya kashe cinikinsa da bakinsa ba.

Ranar Asabar ya kai mu unguwar Ajiya, yana jan ƙafa kamar mai kunyar hajarsa. Ɗaki uku, rufin ya sha tsatsa. Katangar baya ko kafaɗata ba ta kai ba, bayanta wani lungu ne da ya ɓulle titi. Mama ta ɗora tafin hannunta a kai, ta shafa, babu kwalba.

"Wannan," ta ce.

Raina ya ɓaci. "Haba Mama! Akuya ma za ta tsallake wannan. Shekara goma fa! An gama wancan zamanin. Sai ɓarayi sun yanka mu a gado hankalinki zai kwanta?"

Bobboyi ya koma gefe yana duban wayarsa.

"Ɓarawo waya yake so, ki ba shi," Mama ta ce.

"To in ma abin ya dawo, da wannan gwiwar taki za ki haura?"

"Ni? Ni na gama gudu, Hadassah. Ba tsayina nake aunawa ba." Ta nuna yaran da ke leƙen rijiya. "Za ki ɗaga Joel. Za ki ɗaga Tracy. Ke kuma wa zai ɗaga ki?"

Tsoro ya kama ni, irin wanda na ɗauka na bar shi a hanyar Mubi.

"Hau in gani," ta ce.

Na tuɓe takalmi, na tattare zani, na dafa katangar. Sau ɗaya na yunƙura sai ga ni a sama, ba wanda ya taɓa ni. A nan kukan ya ƙwace mini.

Daga ƙasa na ji Mama tana cewa, "Bobboyi, kira mai gidan."