Tsumma a Yatsa

Kun sha wucewa ta ƙofar shagon nan. Kun ji kukan injin juya katako, kun tsaya kun yaba 'yan kofunan wasan yara da aka jera a taga, kowanne bai fi kan yatsa ba, sannan kuka kau da kai daga abin da ke ciki.

A ciki, Dogo ne duƙe a kan injin. Ya gama rarake wani ɗan kofi da bakin kurfi, ƙarfen sassaƙa, saura ya goge shi da kakin zuma yana juyawa. Makunnin injin ya daɗe da mutuwa. Wayoyi biyu ake haɗawa can jikin bango, bayan tarin katako, in za a kashe sai an je an fizge.

Ya kama tsumman guga da bakin yatsu, yadda in injin ya ja zai iya saki.

"Wannan wace irin guga ce, kamar mai shafa kan jariri?" in ji yayansa, mai shagon, daga bakin ƙofa. "Naɗa shi a yatsa ka cusa ciki. Haka Baba yake yi."

"Yaya, ai Baba makunninsa na gefen gwiwarsa."

"To, malamin makunni! Mai kaya yana hanya, cikin kofin kuma dishi-dishi."

Gaskiya ne, tsumman ba ya kaiwa ƙasan kofin. Dogo ya dubi bango, ya dubi yayansa. Ya naɗa tsumman a ƙaramin yatsa, ya tura.

Katakon ya ɗau zafi, ƙanshin kaki ya tashi, cikin kofin ya fara sheƙi. Sai wani zare da ya sako daga bakin tsumman ya laƙe a haƙoran ƙarfen da ke riƙe da katakon.

"Yaya! Waya!"

Yayan ya zabura, ya yi tuntuɓe da katako, ya faɗi, ya rarrafa. Kafin hannunsa ya kai bango aka ji ƙas, ƙarar da ba ta katako ba.

Ya fizge wayar, injin ya lafa. Dogo ya rungume hannun a ƙirji yana kallon yatsan da ya karkace baya. Yayan sai maimaitawa yake: "Gobe zan gyara, wallahi gobe."

Yau ma shagon a buɗe yake. Ku shiga. Ku ce a kashe injin a gabanku, kuma kada ku sayi ko tsinke sai mai aikin ya iya kashe shi daga inda yake tsaye.